Herminia, Mun Ci Brazil, Sai Ki Dawo

Zuwa ga Herminia, furen gahawata mai buɗewa da ruwan fari, inuwata ta tsakar rana, sanyin ƙoramar bayan gidanmu, kakar Ondina, amma matata tun kafin duniya ta san za a yi wata Ondina.

Ina gaishe ki da dusasshiyar murya. Kada hankalinki ya tashi, ba mura ba ce, ihu ne. Herminia, mun ci Brazil! Biyu ba ko ɗaya! Na san labarin ya riske ki a San Pedro Sula, don jiya ko kurma ya ji ƙasar nan tana girgiza. Amma ni ba hirar ƙwallo ta zaunar da ni ba. Alkawari kaya ne, ya farin watana, kuma naki ya iso bakin ƙofa.

Kin tafi wajen 'yarmu Suyapa da ta haihu, kika ce da zarar jaririya Ondina ta yi ƙwari za ki juyo. Damina ta sauka, masara ta kai gwiwa, ta kai ƙugu, ta wuce kaina, ke shiru. Ranar Lahadi na je kantin Don Chilo na kira ki. Kin san kunnena ya yi nauyi, Don Chilo ne yake riƙe min wayar yana maimaita maganarki da muryarsa ta mai tallan kifi, ga kanti cike maƙil an taso daga coci. Na ce a tambaye ki yaushe za ki dawo. Ya saurara, ya ɗaga kai, ya sanar wa gari: "Doña Herminia ta ce za ta dawo ranar da Honduras ta ci Brazil!" Aka tuntsire da dariya har da ni. In ban yi dariya ba, kuka zan yi a gaban buhunan shinkafa?

Ban ga laifinki ba. Wa ya san da mu a wannan gasa? Ta mutanen Kudancin Amurka ce, ba tamu ba. Argentina ce ta ji tsoron zuwa Kolombiya, kujerarta ta zauna ba kowa, sai aka tuna da mu kamar yadda ake tuna maƙwabci in abinci ya yi saura. Aka tsinto yaranmu nan da can, suka sauka daga jirgi kusan da takalman wasa a ƙafa. Costa Rica ta yi mana maraba da duka. Muka karkaɗe jiki muka ci Bolivia, muka ci Uruguay, duk da haka wa zai haɗa zakaran ƙauye da Brazil mai taurari huɗu na kofin duniya a ƙirji? Ke da kika iya tsince tsakuwa daga wake, kin zaɓi maganar da kika tabbata ba za ta taɓa kama ki ba.

Amma haba, zumar bakin tuluna! Ke ce za ki raina baƙon da aka kira a makare? Kin manta bikin waliyyin garinmu? Anacleto mai doki da takalmi mai sheƙi, shi aka shirya zai yi rawa da ke. Kogi ya ciko, ya tsaya a wancan ƙetare yana tausayin wandonsa. Gwaggonki ta waiga ta gan ni jingine da bishiya, ina warin ɓawon gahawa, sanye da rigar yayana wadda hannunta ya haɗiye yatsuna, ta yafito ni don kada ki tsaya ke kaɗai. Kika dube ni irin duban da 'yan Brazil suka yi mana jiya. To, wa ya raka ki gida? Tun ranar kike kirana cike-gurbi, ga 'ya'ya mun aurar, ga jika, kuma har yau ba a mayar da ni benci ba.

Da kin ga kantin nan jiya! An ɗora talabijin kan akwatunan lemo, mutane har kan taga. Da ƙwallo ta biyu ta shiga ana dab da tashi, ba wanda ya kira sunan ɗan wasa. Sunanki aka kira. Herminia! Herminia! Samari suka saɓa ni a kafaɗa suka zaga da ni dandali, hulata ta tafi ban san inda ta kwana ba. Yau da safe matar Don Chilo ta zo da tsintsiya ta share miki tsakar gida. Fada, limamin cocinmu, ma ya tsayar da ni a hanya, ya ce maganar da aka yi ranar Lahadi gaban shaidu, ko shi bai isa ya kwance ta ba.

Wannan kuwa ba na gari ba ne. Shi ya sa na rubuta da hannuna, hannun da malamar ajin yamma ta lanƙwasa bayan furfura ta gama da kaina, don kada Don Chilo ya yi shelarsa. Herminia, gidan nan ya yi min yawa. Wainar masara tana ƙonewa a hannuna, gahawa ɗaci kawai take yi, kaji suna kallona kamar ni na kore ki. Da asuba nakan juya in faɗa miki abin da na yi mafarki, sai in tarar ina magana da matashin kai. Aka sauke ni daga kafaɗu jiya, na shigo da murna cike da ƙirji, na rasa wanda zan zuba wa.

Ranar Alhamis za mu kara da masu gida, Kolombiya. Su ci mu, mu ci su, nawa ya riga ya samu. Ba zan kalli wasan ba. Zan zauna ƙarƙashin mangwaron bakin titi da sabuwar hula, ina duban duk motar da ta taso daga birni.

In kuwa ɗan ƙaramin hannun Ondina ya fi alkawarinki ƙarfi, ban isa in yi kishi da jinina ba. Ki aiko kawai a ce in zo, ko da motar ta fara tafiya ne. Jakata a ɗaure take, kin kuma ga abin da baƙon ƙurarren lokaci yake iyawa.

Naki har ranar da ƙoramar bayan gida za ta hau tudu,
cike-gurbinki da bai taɓa neman canji ba,
Nicanor