Dawar da Ka Mayar Yangoji

Zuwa ga mahaifina, Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, Baba, ƙara na kawo maka, kuma raina a ɓace yake.

Makon jiya jami'arku ta yi bikin tunawa da tsofaffin ma'aikata, aka jera hotuna a bango. Na gan ka tsaye jikin jif da karkatacciyar hular nan taka, kusa da Baturen da ya zo binciken irin dawa. A ƙasa an zuba sunansa da digirorinsa, sannan aka ƙara da cewa "da direbansa". Kai da ko keke ka hau sai Inna ta bi ka da addu'a!

Ba tuƙi na raina ba, amma ba shi ne aikinka ba. Kai ne jami'in tsara bincike. Kai ke nemo izinin hukuma, ka samo mota da masauki, ka shawo kan masu ƙasa, ka tabbata an cika abin da aka ɗauka. Malamai su ce maka akawu, akawuna su ce maka ɗan koren malamai. Kowa na buƙatarka, ba wanda ya san inda zai ajiye ka.

Muna zaune a garin Zuba a lokacin, ba a ko yi mafarkin gina babban birnin ƙasa a yankin ba. Ka kai Baturen ƙauyen Yangoji, wurin wani dattijon Gbagyi mai wata jar dawa da ya gada. A wurinsu iri ba ya sayuwa, aro ake bayarwa, kuma sai wani ya tsaya wa baƙo. Ka sha maimaita mana abin da tsohon ya ce: "Malam, ni ban san shi ba, kai na sani. Kaka ya yi, ka kawo mini dawa na." Ka dafa ƙirji ka amsa.

Bature ya gama aune-aunensa, ya hau jirgi da irin gaba ɗaya. Da ka kai maganar gaban kwamiti, wani farfesa ya ce mayar da iri ba bincike ba ne, kuma wa ya ba akawu ikon yin alkawari da sunan jami'a? Wa ya ba ka kuwa, in ba su da suka tura ka ba? In za a shiga gari, kai ne jami'a. In an kwashi abin da ake so, ka koma akawu.

Sai ka durƙusa cikin jif ɗin da tsintsiya, kana tsince ƙwayoyin da suka maƙale a lungu. Ba su cika tafin hannu ba. Ka shuka su a bayan gida, ka sa mu gadin kaji da awaki. Wallahi na tsani dawar nan, ta hana ni wasa. Da ruwa ya ɗauke a shekarar, da guga ka riƙa shayar da ita, Inna na mita wai ta fi mu gata.

Gonar tsohon kuwa fari ya ƙone ta ƙurmus, ko na iri bai samu ba. Da kaka ka cika ƙwarya, ka hau akori-kura zuwa Yangoji ranar aiki. Ladan da ofis ya ba ka takardar tuhuma ce, kuma ƙarin girma ya yi ta tsallake ka har ka yi ritaya.

Ni ma aikinka na gada, Baba, har na yi furfura a ciki, amma dangi na tambayata ko koyarwa nake ko buga takardu. Na ce wa masu bikin su gyara rubutun nan, suka ce za su kafa kwamiti.

Haushi ya sa washegari na wuce Yangoji. Na tarar da wata mata tana sheƙe jar dawa a ƙofar gida, na tambaye ta sunan irin. Ta ce, "Habu ne sunan shi, Hajiya. Haka muka tashi muka ji." Ba ta san ko wane ne Habu ba. Na zauna a kan turminta na yi kuka, ita kuma ta rasa laifin da ta yi.

Babana, ka yafe mini ƙorafin gadin kaji. Allah ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da amanar mutane, ya sada mu a Aljanna.

'Yarka mai kewarka,
Jummai