Ranar da Aka Juya Bakin Amya

Birnin Gwari,
Jihar Kaduna.

Zuwa ga ƙanena Nu'uman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da amaryarmu Muslimat da ɗiyata Karima, can ƙasar Sin inda ko rana ba ta fito muku tare da mu. Allah ya ƙara maka basira a karatunka, ya raba ku da sanyin nan da kake ta kuka da shi. Mu nan sai godiya. Damina ta kankama, masara ta kai gwiwa a gonakin da ake iya zuwa, yara suna makaranta, ni ma ina fama da 'yan ajina. Na zaɓi in rubuta da hannu maigidana Salim ya ɗauki hoto ya tura maka, don in na ce a waya zan faɗa, kuka zai riga ni, sabis ɗin garin nan kuma ya yanke ni a tsakiyar zance.

Jikin Baba yana nan yadda ka sani tun faɗuwar da ya yi kafin azumi. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke, ido a buɗe amma rufin ɗaki kawai yake kallo. Maƙwabciyarmu Rachel, nas ɗin nan 'yar kudancin Kaduna, tana leƙo mu kullum kafin ta wuce aiki, Allah ya saka mata da alheri. Ita ta koya mana mu riƙa juya shi daga wannan gefe zuwa wancan don kada bayansa ya yi gyambo, har abin ya zame mana jiki: da ya motsa, sai mu ce juyi yake so. Kunu nake ba shi da cokali, kaɗan-kaɗan, ina share masa baki.

Saƙon muryar da ka aiko na saurare shi har na kusa haddacewa. Ka ce ka nuna wa malamanka hoton ƙwaƙwalwar Baba, kun ga wurin magana da wurin gane mutane duk sun mutu, abin da ya rage numfashi ne da bugun zuciya. Ka ce tunda ko ka zo ba zai san ka zo ba, gara ka ƙarasa binciken da ke hannunka ka taho ƙarshen shekara. Daga nan ka shiga ba ni labarin wani tsoho mai askakken kai, mabiyin addinin Buddha, da kake ziyarta a kan dutse, wanda ya ce maka babu wani abu guda tsayayye a cikin mutum da za a nuna a ce shi ne "ni", tunani ne da ji ke ta wucewa kamar ruwan kogi. Ka ce mabiya wani addinin da ake kira Dao kuma cewa suke yi kada a tilasta wa abu, a bar shi ya bi hanyarsa. Har ka ƙara da wasu masu cewa Mahalicci da halitta abu ɗaya ne, saboda haka Baba ba inda za shi, yana cikin iska da itatuwa da mu kanmu. Ka ce wannan ne ya sa kake iya barci.

Wallahi Nu'uman, ranar sai da na kife wayar a kan tabarma. Na ce wa Salim ka ji, an tura yaro koyon aikin ƙwaƙwalwa, ya dawo mana da wa'azin masu aske kai! Amma da zuciyata ta sauka na tuna wane ne kai. Ni na goya ka, na san tun kana ƙarami in tsoro ya kama ka surutu kake yi, ba kuka ba. Maganar cewa Allah da halitta ɗaya ne dai na ajiye maka ita a ƙofar gida, ba za ta shigo ba. Allah ba itace ba ne, ba kogi ba ne. Abin da na sani shi ne itacen da kogin duk tasbihi suke yi masa, mu ne ba ma ji, kuma in wannan kake nufi, to ba sai ka hau dutsen Sin ba, Inna, Allah ya jiƙanta, ta sha faɗa mana tana tankaɗe.

Sai dai kada in ci amanar gaskiya, na tsinci abu guda a zancenka. Da can takura wa Baba nake yi. In sunkuya a kunnensa in ɗaga murya, in tambaye shi wace ce ni, in nuna masa hotonka, kai ka ce ɗan aji uku nake yi wa jarrabawa, in bai amsa ba in fita bayan ɗaki in yi kuka. Da ka kawo maganar nan ta barin abu ya bi hanyarsa, sai na ce bari in gwada. Yanzu in na taso daga makaranta nakan zauna kusa da shi kawai, ba tambaya, ba nuni, ina bin numfashinsa yana shiga yana fita, ina salati a zuci. Ban san ko shi ya ji sauƙi ba, ni kam na ji. Ka gaya wa tsohon naka wata malamar firamare a Birnin Gwari ta gode.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ran Laraba da hantsi zuma ta sauka a mangwaron tsakar gidanmu, ta dunƙule a reshe guda, baƙi ƙirin, ta kai girman tulu. Unguwa ta ruɗe, mata suna janye yara, wani ya ce a kawo wuta, wani ya ce a fesa maganin ƙwari. Na ce ba a gidan Baba Gambo mai zuma ba! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaura wa zuma amya, ɗakinta, a ɗorawoyin dajin Randagi, wanda ko da muka baro ƙauye saboda masu bindiga bai yi kukan gona kamar yadda ya yi kukan amyoyinsa ba, a ce an ƙona zuma yana kwance a ɗaki? Ka tuna amya ɗaya da ya ƙi bari, ya ɗauro ta a bayan babur? Tana nan saman rumfar girki. Na aika aka kira Modibbo, tsohon abokin Baba Bafulatani, ya zo da ɗanyen kashin shanu ya shafe cikinta, ya busar a bakin wuta, ya turara ta da saiwoyin nan masu ƙamshi yadda ya sha ganin Baba yana yi. Ƙamshin ya cika gida. Ni kuma na sa aka ɗauko Baba da katifarsa aka shimfiɗa a bakin ƙofar ɗaki, daga nesa, don ya sha iska.

Salim ne ya hau bishiyar, ya lulluɓe kai da mayafina, ka ga abin dariya. Ya ɗaure amyar a reshe kusa da zumar, ya sauko yana haki yana jiran a yaba masa. Muna cikin haka sai Rachel, wadda hayaniya ta fito da ita, ta taɓa ni ta ce in dubi hannun Baba. Hannun hagu ne, mai sauran rai. Ya ɗaga shi kaɗan daga katifa, yana murza shi a hankali, ya mayar, ya sake murzawa. Nan da nan muka ce juyi yake so, muka taru muka juya shi ya fuskanci bango. Hannun bai daina ba, har wani gurnani ya fara yi wanda ban taɓa ji ba tun da ya kwanta. Muka ce ko wancan gefen ne, muka sake juya shi. Muka duba ko tururuwa ce ta shiga rigarsa, muka kawo ruwa, muka gyara matashi. Bawan Allah muna ta jujjuya shi kamar waina, idonsa kuwa duk inda muka kai shi sai ya komo kan mangwaro.

Modibbo ne ya bi idon, sannan ya yi salati. Ya ce Salim ya ɗaure bakin amyar yana duban gabas, ta inda hadari ke tasowa, kuma da damina Gambo bai taɓa barin bakin amya a gabas ba, don ruwa zai feso ciki zuma ta gudu. Shi kansa Modibbo ya manta da haka sai yanzu. Salim ya sake hawa, ya kwance igiya, ya juya bakin yamma. Nu'uman, da idona na gani, yana gama ɗaurewa hannun Baba ya sauka a kan katifa ya kwanta. Gurnanin ya tsaya. Rachel ta juya baya tana share ido da gefen zane. Kafin la'asar zumar ta shige.

Na san abin da za ka ce, don ni ma kimiyya nake koyarwa, ko da ta 'yan firamare ce. Za ka ce aikin da hannu ya shekara yana yi yakan zauna a wani lungu na ƙwaƙwalwa da ciwon bai taɓa ba, ƙamshin turare ne ya tashe shi, ba lalle akwai mai sani a bayan abin ba. Mai yiwuwa haka ne. Ban ƙaryata hotonku ba, ban kuma ce Baba ya gane ni ba, don har yau bai dube ni ya nuna ya san Bara'atu ce ba, abin kuma yana ci mini rai. Amma ka tambayar mini malamanka da tsohon kan dutse: wanda ya ga kuskure, ya damu, ya nace har aka gyara, sannan ya huta, me ake kiransa? In ruwan kogi ne ke wucewa, to wannan ruwan ya san gabas da yamma. Ni ban iya raba inda jiki ya tsaya da inda rai ya fara ba, kuma ina jin ku ma da na'urorinku ba ku gama rabawa ba.

Abin da ban so in rubuta ba shi ne wannan. Tun shekaranjiya haɗiya ta fara yi masa wuya, kunun yana dawowa ta gefen baki. Rachel ta ja ni soro ta ce mini ita ba Allah ba ce, amma ta ga irin wannan da yawa, in akwai wanda ake jira a kira shi yanzu, kada a ce sai kaka. Don haka ƙarshen shekarar nan taka ba da Baba za a yi ta ba. Hanya ta yi sauƙi, motoci suna bi da rana, Salim zai tare ka a Kaduna. Binciken zai jira ka, in ma bai jira ba ka sake wani.

Ka gaishe mini da Muslimat da kyau, ka ce na gode da haƙurin da take yi da kai. Ka shafa mini kan Karima, ka ce gwaggonta tana kewarta. Salim yana gaishe ka, Modibbo ya ce in ce maka yana sa ka a addu'a, Rachel ma ta ce a miƙa gaisuwa, haka su Muttaka da sauran yaran gida. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ka taho, ɗan'uwana. Ban yi maka alkawarin zai san ka zo ba. In ka zauna gabansa ka ga babu kowa a ciki, to ni ina nan, na san ka, kuma ba na so in rufe masa ido ni kaɗai.

Taka har kullum,
Yayarka Bara'atu Gambo.