Bas ɗin Baba a Garin Matattu

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, aikin madatsar ruwa yana tafiya daidai. Tunda har yanzu ba ku da sabis a can cikin duwatsu, na ba direban motar kayan abincinku wannan takarda.

Baba ya dawo gida daga asibiti, alhamdulillahi. Baki ya daidaita, amma hannun hagu da ƙafa sai a hankali. Likitar gashin ƙashi ta ce shanyewar ɓarin jiki irin tasa tana sakin mutum idan yana motsi, shi kuwa motsin ne ba ya so. Ya sa aka juya masa kujera tana kallon bango. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas yana surutu da fasinja, sai ga shi "to" ma da ƙyar take fita. Ƙwallon robar da aka ba shi ya riƙa matsawa, ƙarƙashin gado na tsince ta.

Ina share ɗakinka na ga na'urar gem ɗinka ta yi ƙura. Maigidana ya haɗa ta da talabijin ɗin falo don ya ga ko tana aiki. Sai ga wani gari babu kowa, gawarwaki suna yawo a titi suna jan ƙafa. Baba ya waiwayo ya ce, "A'uzu billahi. Wanda ya mutu ai ya mutu. Wannan shirmen yayanku yake kallo?" Har maigidana ya kai hannu zai kashe, sai ga wata tsohuwar bas an bar ta a gicciye a tsakiyar hanya. Baba ya daɗe yana kallonta. Can ya ce, "Wane sakarai ne ya faka mota haka? Ba ni abin nan."

Yaya, da hannu biyu ya riƙe rimot ɗin. Ka rubuto mana yadda ake wasan, don mu duka kanmu a duhu yake.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta takardarki a tsaye a bakin mota, har direba yana tambayata dariyar me nake yi ni kaɗai.

Wasan ba shi da wuya. Gari ne babba da ƙauyukansa, cuta ta cinye mutane, babu mai ce maka bi nan ko bi can. Ka nemi ruwa, abinci, fetur, da wurin fakewa. Matattun ba sa gani sosai, ƙara suke bi, saboda haka ki ce wa Baba ya rage hon, duk da na san kamar a ce wa zakara ya daina cara ne. Idan suka kama shi, duk abin da ya tara ya tafi, sai ya faro daga farko. Batirin bas ɗin yana garejin da ke bayan gidan mai.

Abu ɗaya zan faɗa miki: wasan nan ɓarawon lokaci ne. Za ki zauna da hantsi ki ce bari in leƙa gida ɗaya, ki ɗago kai ki ga la'asar ta yi. Ki sa ido.

Ki gaishe da Baba da maigidanki.
Yayanki

*

Yaya,

Barka da aiki, ya gajiya. Labarina biyu ne, bari in fara da mai daɗin.

Baba ya tada bas. Yanzu da kansa yake ɓalle maɓallin rigarsa, babban yatsan da ya sandare har cokali yake riƙewa. Likitar gashi ta duba hannun ta ce ko me muke yi mu ci gaba. Kuma bakinsa ya buɗe, har ina ɗakin ɗinki ina jiyo shi ta saman ƙarar keke yana faɗa da matattu: "Kauce mana, bawan Allah, titin na ubanka ne?" Ba ya taka su. Maigidana ya ce ai don a kashe su aka yi su, Baba ya ce shi bai taɓa buge mutum da mota ba, ba zai fara da tsufansa ba ko da gawa ce. Aikinsa shi ne ya zagaya gari yana kwashe waɗanda suka tsira yana kai su wata makaranta da ya kewaye da langa-langa.

Tsohon kwandastansa, mai shagon man juye na ƙarshen layinmu, ya zama ɗan gida. Shi ke duba taswira yana cewa, "Oga, dama. Oga, suna bayanmu." Sai ka rantse a tasha suke.

To ga ɗayan labarin. Tafiyar da aka ce ya riƙa yi a tsakar gida safe da yamma, ya daina. Abinci ya huce a gabansa, sai ya ce bari ya sauke fasinja. Ƙafar ta fara kumbura saboda zama. Shekaranjiya ya miƙe da sauri zai shiga banɗaki, bai ɗauki sanda ba, ya faɗi a bakin ƙofa. Babu karaya, goshi ne ya fashe, an ɗinke. Ni na same shi a ƙasa, Yaya.

Na ɗauke rimot na kulle a durowar kekena. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya dube ni kawai ya ce, "To, Auta." An koma kallon bango. Ban san ko daidai na yi ba.

Ƙanwarka

*

Auta,

Ina gaisuwa. Daidai kika yi, kada ki mayar masa. Ni na bar abin nan a gida, ni kuma na koya muku. Na gaji da jin labarin Baba a takarda bayan komai ya riga ya faru. Na yi magana da shugaban aikinmu, ya ce babu hutu sai an gama zuba kankaren wannan ɓangaren. Idan haka ne zan ajiye aikin in dawo. Kada ki faɗa wa Baba tukuna.

Sai na ji daga gare ki.
Yayanki

*

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan aikinka. Ni ne da kaina nake rubutu, idan ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri.

Ƙanwarka ba ta faɗa mini komai ba. Fuskarta na gani, na matsa mata, ta miƙo takardar. Ba da yawuna za ka bar aikinka ba. Ban yi maka wahalar karatu don ka dawo ka zauna kana gadin goshina ba.

Bari in gaya maka abin da na samu a wasan nan, don ku daina ɗauka ruɗewar tsufa ce. Tun da ciwon nan ya same ni, kalma ɗaya nake ji a gidan nan: a hankali. In tashi, a hankali. In sha ruwa, a hankali. Kowa da hannunsa a gwiwar hannuna. Na san ƙauna ce, amma tana da nauyi. A can garin kuwa babu mai riƙe ni. Idan na ga hanya ta yi gabas na ce bari in ga inda ta nufa, sai in tafi. Akwai wata hanya da ta bi gefen tafki, idan rana tana faɗuwa nakan kashe injin in tsaya kawai ina kallo. Kuma mutane suna jirana in zo in ɗauke su. Na daɗe rabona da a jira ni.

Kada ka zaci ban ga aibinsa ba. Gidajen garin duk ciki ɗaya ne, durowa iri ɗaya, gwangwani iri ɗaya. Fasinjan ba sa gaisuwa, magana ɗaya suke ta maimaitawa kamar aku. Mutumin da nake juyawa bai da aiki sai jin yunwa. Rannan bas ta shige cikin bango ta maƙale, ba gaba ba baya, sai da aka kashe na'urar, aikin yini ya tafi a banza. Wanda ya tsara motar ma bai taɓa taka kuloci ba.

Babban aibinsa shi ne wanda ya kayar da ni. Na daɗe ina gudu da ƙafafun wancan mutumin, da na miƙe sai na manta ba su ne a jikina ba.

Jiya na kira Auta da Kwandasta muka zauna. Na ce tunda rimot ya zama abin kullewa, a kai shi shagon Kwandasta. Ran da nake son wasa, in taka da ƙafata in ɗauko, in na gama in mayar. Auta ta ce layin da nisa. Na ce likita tafiya ta ce in yi, ba ta ce lallai sai a tsakar gida ba. Ta ce to sai dai ta riƙa bina a baya. Na ce ta bi, amma kada ta taɓa ni.

Ka zauna ka gama kankarenka. Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da direban motar abincinku ya ce ka fasa ajiye aikin.

Ranar farko kam na sha addu'a. Yana tafe yana hutawa a jikin katanga, ni ina baya na dunƙule hannu don kada in riƙe shi. Mai wanki ya fito, mai gyaran waya ya fito, kowa "Direba, kai ne a waje?" Da ya isa, Kwandasta ya miƙo rimot da hannu biyu yana cewa, "Oga, ga makullin mota."

Yanzu kumburin ya saɓe. Abin dariya, idan ya je sai ya zauna a bencin shagon ana hira, jiya har ya dawo gida ya manta abin da ya kai shi. Wasan ma ya rage masa zafi tun ranar da ya bi wata hanya har ƙarshenta ya tarar da shingen waya da hazo, mota ta ƙi wucewa. Ya ce, "Ashe duniyar tasu ƙarama ce." Duk da haka yana yi bayan la'asar, kuma na daina jin haushin ƙarar matattun nan. Idan ina jin su, na san yana falo yana dariya.

Ka kula da kanka.
Auta

*

Ɗana,

Salamu alaikum. Lafiya lau nake. Idan za ka zo hutu, ka sayo rimot na biyu. Akwai wata gada da matattu suka cika, akwai mutane a tsallake, kuma ba ta ƙetaruwa sai da wanda zai sauka ya janye motocin da suka tare hanya. Na gwada Kwandasta, matsoraci ne, ido yake rufewa. Zan jira ka.

Mahaifinka