Zaɓin Razan Na Ɗaya

Ruwais, Jidda

Zuwa ga aminiyata Fatouma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara da mutanen Maraɗi. Yaya ƙafar Inna? Na ba ɗan garinku Maman Lawali wannan takarda tunda gobe zai taso, don a gidanmu ba a iya waya a ɓoye. Ki yi haƙuri da rubutun, ke kika koya mini, in ya karkace laifin malama ne.

Kin tuna Razan, 'yar Yaya Othman, wadda na goya bayan rasuwar uwarta? Ta gama sakandare da maki mai kyau, kuma likita take so ta zama. A nan ɗalibi ke jera jami'o'in da yake so a intanet, sai a bi daga sama a ba shi ta farkon da makinsa ya kai. Wata guda muna tankaɗe da rairaya ni da ita: wacce ke da asibitin koyarwa, wacce ke da masaukin 'yan mata. Makinta ba zai kai likitanci a Jidda ba. Saura biyu, ɗaya tafiyar awa biyu a mota, ɗaya can kudu cikin duwatsu, sai da jirgi.

Jiya Yaya ya same ni a ofishinmu na cike wa mutane takardu. Ya ce, "Ya Zakiya, halas, magana ta ƙare, sa mata Jidda a sama, ko wane fanni ne. Ba sai ta sani ba. Ke ma ai haka na yi miki, ga ki nan lafiya lau."

Fatouma, yana faɗa yana latsa wayarsa. Shekara goma sha biyar ina cewa kaina ne bai ja ba. A ɗakinku na yi kukan, ke kika riƙe ni. Ashe shi ne ya je shagon intanet da takarduna ya sauke likitanci ƙasa, don in zauna in yi jinyar Baba. Da ya tambaye ni, wataƙila da na zauna da kaina. Amma bai ga na kai a tambaye ni ba. Na ce masa to, ya tafi yana murna. Wallahi sai ya ji a jikinsa.

Ki gaida Inna da yara.

Taki har kullum,
Zakiya

Ruwais, Jidda

Aminiyata Fatouma,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan damina ta sauka muku lafiya, kuma zazzaɓin autarki ya sauka. Na ji saƙonki cewa in bar wa Allah. Kin yi gaskiya, sai dai saƙon ya zo a makare.

Ranar Talata Razan ta zo ofis muka cike zaɓin jami'o'in. Ta sa ta kusa a sama, ta kudu a biyu. Dalilinta, wai tana so ta riƙa zuwa gida duk Alhamis saboda ciwon sukarin babanta. Kin san Yaya, ko shayi ba ya sha sai ita ta haɗa, kuma duk unguwarsu ta Aziziyya babu wanda bai gaji da jin labarin 'yarsa ba. Ta sumbaci goshina ta ce, "Ammati," wato gwaggona, "ke ki tura, hannunki na da albarka." Ta fita ta bar ni da shafin a buɗe.

Ban sa mata Jidda ba, ban kai nan a mugunta ba. Ɗaga ta kudu kawai na yi zuwa sama, na sauke ta kusa, na tura. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Na yi mamakin sauƙinsa, har na ce ashe iyakar wahalar da ya sha a kaina ke nan.

Zan iya ce miki ta kudun ma jami'a ce mai kyau, kuma gaskiya ne. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ba don haka na yi ba. So nake ya yi shekara bakwai yana kallon ƙofa ranar Alhamis. Ya haɗa shayinsa da kansa, ya ci abinci shi kaɗai, in kewa ta ishe shi ya nemi jirgi. Tun ranar nake cin abinci da daɗi, har ƙiba nake ji na fara.

Kada ki yi mini wa'azi tukuna, ki bar ni in ɗan more.

Ƙawarki,
Zakiya

Ruwais, Jidda

Fatouma 'yar'uwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Mu nan lafiyar jiki dai akwai.

Sakamako ya fito, an ba Razan likitanci a kudu. Yaya ya zo ofis a fusace, ya rufe ƙofa. Ban bari ya gama ba, na faɗa masa abin da na yi dalla-dalla, na ce in ya isa ya je ya gaya mata, ni kuma in gaya mata abin da ya aiko ni in yi. Ya nemi kujera ya zauna. Mutumin da ba a taɓa rufe masa baki ba ya tashi ya buɗe ƙofa ya fita. Na ji daɗi, Fatouma, daɗi sosai, kuma ko yanzu ban ce na yafe masa ba.

Da na koma gida na tarar da Razan a kan tabarma da biro da takarda, tana ta lissafa makinta. Ba ta ci komai ba tun safe. Ƙawarta Joud, wadda ba ta kai ta maki ba, ta samu ta kusa. Ta lissafa sau biyar, ta ce ko dai ita ce ba ta iya lissafi ba, ko an yi kuskure a can. Ba ta buɗe shafin ta duba ba, lambar sirrin tana hannuna, kuma ko a mafarki ba ta kawo ni a ranta ba. Ta ce ba nisan ke damunta ba, wa zai riƙa tuna wa babanta allura.

Sai ta matso ta ɗora kai a cinyata ta ce, "Ammati, yalla, yi maza ki rubuta mini takardar ƙorafi mu kai ranar Lahadi in an koma aiki. Babu wanda ya iya tsara magana kamarki, kuma ke kika ga abin da na zaɓa."

Yau Juma'a. Takardar tana gabana tun bayan la'asar, na rubuta sunanta da lambarta, na kasa ƙara ko harafi. Tana falo tana guge abayar da za ta sa ranar Lahadi, ta leƙo sau biyu tana tambaya ko na gama.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida kowa.

Ni ce,
Zakiya