Alƙur'anin da Na Aika Tsibiri

Hayyin Ashir, Alƙahira
6 ga Oktoba, 2013

Zuwa ga matata Azumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Nana Fatima da Inna. Ni ma lafiya lau, sai kewa.

Albishirinki, na gama rubuta Alƙur'anin. Shekara biyu ina tashi bayan asuba in yi shafi ɗaya, kafin in tafi sito wurin Osama, maigidana. Kin san sana'arsa, loda katako da takarda a kwantena zuwa ƙananan tsibirai, inda hatta littafin rubutun yara sai an kawo musu a jirgin ruwa. Ni da na zo Masar karatu, ga ni ina ɗaure katan.

Hussain, abokin karatuna ɗan tsibirin Komoro, ya sake bugo waya. Dattawan masallacinsu sun ce idan suka ga rubutun hannuna ya yi musu, za su ɗauke ni malamin makarantarsu, da ɗaki, kuma in zo da iyalina. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a Masar, za ta ƙare a watan Yuni, ba za a sabunta ba. Wannan ce kaɗai hanyar da za mu zauna wuri ɗaya bayan shekara shida.

Na jera warƙoƙin ba ɗinki, yadda ake yi a gida, na sa su cikin gafaka. Jibi za a loda shi tare da kayan Osama zuwa Komoro, Hussain ya karɓa a can. Ki taya ni addu'a.

Naki,
Giɗaɗo

*

19 ga Janairu, 2014

Azumi,

Sallama da fatan alheri. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ki shafa mini kan Nana.

Ba ni da labari mai daɗi. Kayan sun isa tun Nuwamba, amma an hana su fita daga tashar jirgin. Mutanen tsibiri suna tsoron ƙwari kamar annoba, duk katakon da zai shiga sai an gasa shi, an buga masa hatimi. Osama ya san haka sarai, shekara goma yana wannan aiki. Amma ya sa aka ƙera akwatunan da ɓaraguzan katakon bayan sito, wai ba wanda zai duba. Ga shi an duba. An sauke su a fili, an rufa musu tamfol, kuma damina ce a can.

Da na same shi, ma'alish kawai ya ce, wato in yi haƙuri, bai ko ɗago kai daga shayinsa ba. Wallahi na tsani wannan kalma. A ƙasar nan mutum zai taka ki da mota ya ce ma'alish. Shi bugaggun takardu ne suka jiƙe masa, zai aika wasu. Ni fa? Na fito daga ofishinsa, na koma na ci gaba da ɗaure masa katan, don ba ni da inda za ni.

Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Mijinki,
Giɗaɗo

*

11 ga Mayu, 2014

Azumi,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da Nana. Ina fata kuna lafiya. Ki yafe mini shirun da na yi.

An saki kayan a watan Maris. Hussain ya kai gafakar masallaci, aka buɗe ta a gaban dattawa. Ruwan sama bai shiga ba. Amma warƙoƙin sun manne da juna, sun zama dunƙule ɗaya kamar bulo. Da liman ya gwada ɓare ta farko, rabin rubutun ya bi bayan ta biyu. Ya mayar, ya naɗe da rawaninsa. Sun ce za su binne shi da mutunci.

Wata biyu ina zagin Osama, yau zan gaya miki nawa laifin. Tawadar Alƙur'ani da bagaruwa ake dafa ta. Lokacin da zan fara, Awadiyya, 'yar Sudan da nake sayen bagaruwa a wurinta, ta ce ta ƙare mata, in jira ta mako uku. Na ƙi jira. Na haɗa tawadar allo, na zabga mata ƙaro don ta yi ƙyalli, yadda na ga ana yi a gida. A Katsina da Masar ƙaro bushewa yake yi ya zauna. Ban taɓa zama inda iska ke ɗauke da ruwa ba, ban kuma tambayi kowa ba, saboda ina ganin na iya. Wata huɗu a bakin teku ya narke. Takardun Osama da aka buga da inji, waɗanda suke akwati ɗaya da Alƙur'anin, an shanya su sun bushe.

Dattawan sun ɗauki wani malami. Sun kuma yi odar bugaggun Alƙur'anai ɗari biyu daga wurin Osama, shi kuwa ya yi murna har ya saya mana shayi. Zan dawo gida a Yuni, ba digiri, ba aiki. Ki gaya wa Inna yanzu, ni bakina ba zai iya ba.

Jiya aka loda bugaggun Alƙur'anan. Ni na shirya su da hannuna, katan goma, kowanne na naɗe shi da leda biyu, na bi na duba hatimin kowane akwati. Waɗannan za su isa lafiya.

Wassalam.
Giɗaɗo