Fuskata a Ɗakin Cin Abincinsu

Staithes, Nuwamba 1874

Zuwa ga yayata Keziah,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata tarin nan ya sake ki, yara kuma suna lafiya. Ta'aziyyarki ta iso, na gode. Har yau teku bai dawo mini da gawar mijina Reuben ba.

Kin tuna Mista Fenwick, mai zanen nan na Landan da ke sauka gidanmu duk shekara? Ranar da jirgin kamun kifin su Reuben ya nutse, ina bakin ruwa ina kururuwa, na waiga sai ga shi zaune kan dutse yana zana ni. Maza sun shiga ruwa da igiya, shi fensir ya riƙe.

Da aka kwana biyu ya zo, hula a hannu, wai in riƙa tsaya masa yana zana ni. Ya ce, "Tabitha, in manyan Landan suka ga fuskar nan, an daina tura mutane teku a ruɓaɓɓen jirgi." Na yarda, Yaya. Kullum ina tsaye cikin sanyi da mayafin da na yafa ranar. In hawaye ya ƙi zuwa sai ya ce, "Daure ki tuno shi mana."

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Tabitha

Staithes, Yuni 1875

Yaya Keziah,

Bayan gaisuwa, yaya jiki, yaya maigidan?

Zanen ya yi suna. An ce matan masu kuɗi layi suke yi a gabansa suna share ido, shi kuwa Mista Fenwick har da sarakai yake zama yanzu. Jirage suna nan yadda suke, wani ma ya nutse da ɗan maƙwabciyata. Kin san wanda ya sayi zanen? Mista Harland, mai jirgin da ya cinye Reuben! 'Yar aikinsa ta ce a ɗakin cin abinci ya rataye ni, baƙi suna yanka nama suna yaba kyan baƙin cikina.

Da mai zanen ya dawo, na tare shi a hanya. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Mai zane ba ya zaɓen mai saye, Tabitha. Ni ma ɗan maƙeri ne, in na ɓata musu rai na koma inda na fito."

Na ce, "To, naka ya yi kyau. Zana mini Reuben, ko a bayan takardar naɗe kifi ne. Yara sun fara manta kamanninsa."

Ya zauna, ya ja layi, ya goge, ya sake ja. Can ya ɗago ya ce, "Yana da gemu, ko?"

Yaya, mutumin da ya yi shekaru yana cin gurasarmu, Reuben na zaune gabansa yana yanka masa! Na ce ya bar shi kawai. Na karɓe takardar, na kunna murhu da ita.

Ki gaishe da kowa.

Taki har kullum,
Tabitha