Na Hutar da Iya, Ita Kuma Tana Shirin Barin Mu

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ba ni da wanda zan faɗa wa a wurin aiki, don kafin a tashi maganar ta gama zagaya asibiti. Ni nas ce a ɗakin matan da aka yi wa tiyata. Kwanakin baya, bayan na dawo daga ƙarin karatu, aka ba ni shugabancin ɗakin. Kowa ya yi min barka, har wata mara lafiya da ba ta san kan zancen ba ta ɗago hannu daga gado tana sa albarka. Amma tun daga lokacin ban ƙara jin daɗin zuwa aiki ba, saboda wata baiwar Allah da duk muke kira Iya.

Iya ta haife ni a shekaru. A hannunta na fara aiki ina 'yar ɗaliba, fararen kayan sun yi min yawa. Ita ta koya min neman jijiya a hannun mai ƙiba, da juya wadda aka yi wa aiki ba tare da an fama mata ɗinki ba, da duban fuskar mara lafiya kafin a dubi fayil ɗinta. Faɗa kuwa na sha shi har na gode Allah. In ɗaliba ta bar tiren wankin ciwo a buɗe, ko ta shimfiɗa zanin gado a tattare, ranar sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma da an zauna cin abinci sai Iya ta turo miki rabin nata, tana cewa kin rame. Ita ta matsa min in koma makaranta. Na ce yarana ƙanana ne, ta ce yara za su girma ko na je ko ban je ba. Lokacin jarabawa ita take riƙe min aikina, kuma ba ta taɓa yi min gori ba. Ita kam takardar da ta fito da ita tun tana budurwa ita ce a hannunta har yau, rainon ƙanne da na 'ya'ya bai bar ta ta ƙara ba. To yau ga shi ni nake raba aiki, Iya tana cikin waɗanda ake raba wa.

Safiyar farko da muka tsaya karɓar aiki gado-gado, na kasa haɗa ido da ita. Ni in buɗe baki in ce Iya je ki wanke wa waccan ciwo? Wallahi bakina ya ƙi. Ga shi gwiwoyinta sun fara damunta, in za ta hau bene sai ta dafa ƙarfe tana hutawa. Sai na ce a raina, wannan mata ta yi mai wuyar, lokaci ya yi da za ta ci moriyar 'yar da ta rena. Na sa aka ɗauko kujerar ofishina mai katifa aka ajiye mata a teburin nas-nas, kusa da taga, daidai inda fanka ke kaɗawa. Na cire ta daga wankin ciwo da juya marasa lafiya da raka gado zuwa ɗakin tiyata. Na bar mata amsa waya da tarbar 'yan dubiya da riƙon makullin kabad ɗin magani. In jijiya ta ɓace nakan yi ta fama da kaina, ko in kira wata cikin ƙananan nas-nas, don dai kada a taso ta. Ɗalibai ma in sun zo koyon aiki ni nake zagayawa da su, don na san in ita ce sai ta yini a tsaye.

Rannan wata tsohuwa tana ƙoƙarin tashi zaune, sai na ga Iya ta miƙe za ta tallafe ta. Na yi sauri na dafa kafaɗarta na ce ta zauna abinta, ai muna nan. A gaban ɗalibai aka yi haka. Ta koma ta zauna, ta yi min wani kallo da har yanzu ban gane fassararsa ba.

Tun daga nan Iya ta canza. Ta daina faɗa, ko zanin gado ya zama kamar an yi dambe a kai ba za ta tanka ba. A da 'yar nan take ce min, yanzu sai ranki ya daɗe, har da ɗan rusunawa, abin yana sukana. Tana zuwa a kan lokaci ta tashi a kan lokaci, matar da a da sai an kore ta take tafiya gida. Abincinta ma ita kaɗai take cinyewa. Wata sabuwar ɗaliba ta tambaye ni wai maman nan ta bakin taga nas ce ko mai kula da fayil. Na yi dariya, amma maganar ta dame ni.

Shekaranjiya Metiron, shugabarmu ta duk asibitin, ta kira ni. Ta ce Iya ta roƙi a mayar da ita wani ƙaramin asibiti, in ba haka ba za ta ajiye aiki, alhali da sauran shekarunta na aiki. Ta tambaye ni me na yi mata, na ce wallahi alheri kawai. Ta ce za ta riƙe maganar zuwa ƙarshen wata. Maigidana ya ce kishi ne, babu wanda zai so ƙaramarsa ta hau kansa. Ƙawata ma ta ce in bar ta ta tafi, sai na fi sakewa. Ni zuciyata ba ta yarda ba, don ranar da aka ba ni muƙamin Iya ce ta rungume ni tana hawaye. Ko da yake, tunda na ce zan faɗa miki komai, akwai wasu abubuwa na wankin ciwo da aka canza yanzu, mun koyo a makaranta, ita kuma a kan na da take. Ban san ta inda zan fara yi mata gyara ba.

Anti, in ɗauki mahaifiyata mu je gidanta ba da haƙuri ne? Ko in ƙara rage mata aiki? Ko in sa mata ido ta tafi? Ina ƙaunar matar nan kamar uwata, kuma in ta bar ɗakin nan ta dalilina ban san yadda zan yafe wa kaina ba.

Taki,
Ƙanwarki mai fararen kaya

Ƙanwata,

Ki gaida maigidanki, ki ce masa wannan karon bai canka daidai ba. Mai kishi ba ta riƙe wa mutum aiki ya je ya rubuta jarabawar da za ta ɗora shi a kanta. Abin da ke damun Iya a fili yake cikin wasiƙarki: kin yi mata ritaya ba tare da ta nema ba, kuma da kyakkyawar niyya kika yi, shi ya sa ta rasa bakin yin ƙorafi. Wa zai kai ƙarar an ba shi kujera mai katifa? Matar da ta ƙare rayuwarta ana ƙwala mata kira in abu ya cije, yau tana zaune tana kallon yara suna laluben jijiya, an hana ta tashi. Kallon da ta yi miki rannan ba ya bukatar fassara. Kin nuna wa ɗalibai cewa hannunta ya gama amfani, ita kuma ta san bai gama ba.

Ban ɗora miki laifin duka ba. Kunyar da kika ji tarbiyya ce, kuma ciwon gwiwar gaskiya ne, shugabar da ba ta lura da irin wannan ba ta cika ba. Ita ma Iya da nata, da ta ja ki gefe ta wanke ki tas kamar yadda ta saba, da ba a kai ga Metiron ba. Sai dai babba yakan ji nauyin roƙon ƙarami ya ba shi aiki.

Amma akwai maganar da kika ɓoye can ƙasan wasiƙa, ita ce ta gyaran wankin ciwo. Ki duba zuciyarki da kyau. Rabin hutun nan ke kika ba wa kanki, don kada ranar ta zo da za ki ce wa malamarki ba haka ake yi yanzu ba. Shugabanci kuwa a nan yake da wuya, wajen ba da umarni da yin gyara ga wanda kike jin nauyinsa. In kika kauce wa wannan a kan Iya, gobe za ki kauce masa a kan wata, marasa lafiya kuma su ne za su ji a jikinsu.

Ki bar mahaifiyarki a gida, maganar aiki ce, kuma tsakaninku ba a bukatar ɗan rakiya. Ki same ta ku biyu, ba a ofis ba, ba a gaban yara ba. Ki faɗa mata abin da kika yi da dalilinki, har da tsoron gyaran, kada ki rage. Sannan ki tambaye ta wane aiki gwiwarta za ta ɗauka, wane ne ba za ta ɗauka ba, ki bar ta ta faɗa da bakinta. Wannan tambayar ce ya kamata ki fara da ita tun ranar farko.

Ɗalibai kuwa ki mayar mata da su, ta hannun Metiron, a sanar a gaban kowa cewa koyar da su a bakin gado aikinta ne. Sababbin hanyoyin da kika koyo ki zauna da ita ki nuna mata. Ita ta tura ki neman ilimin nan, tana da haƙƙin ta ga abin da kika zo da shi, kuma zan yi mamaki in ba ta riga yaran kamawa ba. In an buɗe ɗan gajeren horo ki sa sunanta, shekaru ba sa hana mutum koyo. Da safe in kina raba aiki ki kira ta ki ba ta nata, da ladabi amma a fili, kamar kowa. Kada ki ƙara rage mata ko da ɗaukar auduga ne sai in ita ta nema.

Kada ki jira ƙarshen wata, gobe ki yi. Kuma ki shirya zuciyarki, tana iya saurarenki tsaf ta ce duk da haka za ta tafi, wannan zaɓinta ne. In ma ta tafi, to ta tafi da sanin cewa yarinyar da ta koya wa aiki ta tsaya gabanta ta ce tana bukatarta. Ina kyautata zaton ba za ta iya jin wannan ta ɗauki jakarta ba.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba marasa lafiyarku sauƙi, ya sa ki gama shugabancin nan lafiya.

Antinki